Tsarabar Iyaye: Waƙa da Sharhi a kan Lafiyar 'Ya'ya

Da sunan Allah nake farawa, da taimakonsa nake fatan gamawa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako. Allah ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa da muƙaddamansa.

Bayan haka, wannan 'yar waƙa ce na tsara, baiti 30, na biyo ta da sharhi, domin 'yan'uwa na zawiya da iyalansu. Dalilin tsara ta kuwa, na ga wani abu ya yawaita a cikinmu. Za ka ga mutum ba ya wasa da lazimi safe da yamma, ba ya fashin wazifa, amma ɗansa ya kwana uku jiki zafi rau bai kai shi gidan likita ba, in an yi masa magana ya ce ai ya dogara ga Allah. Na so in bayyana, da hujjar da muka karanta a gaban malamanmu, cewa abin da masana lafiya suka tabbatar da bincike sababi ne daga sabuban Allah, kuma barinsa da gangan sakaci ne da amana.

MUƘADDIMA

1. Na fara waƙa da sunan Rabbana,
Sarkin da ke ba da cuta da lafiya.
2. Tsira da aminci ga Ɗaha Muhammadu,
Mai tausayin jinjiri, hasken duniya.
3. Da alayensa da sahabbai dukansu,
Da Shehu Tijjani, jagoran shiriya.
4. Ya 'yan'uwa, ku matso mu yi zance,
Kan 'ya'yanmu, amanar Sarki Ɗaya.
5. Ajali da arziki an rubuta tun azal,
Sababi umurni ne, babu jayayya.
6. Wanda ya bar sababi ya ce tawakkali,
Raƙuminsa ya saki, ya ɓace masa a hanya.

Sharhi: Ku sani, Allah ya yi mana muwafaƙa, malamai sun ce shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar: addini, rai, hankali, nasaba da dukiya. Jinjiri ba ya iya kiyaye ko ɗaya daga ciki da kansa. Ba shi da baki sai kuka, ba shi da ƙafa sai bayan uwarsa. Saboda haka nauyin ransa yana wuyan mahaifansa, kuma za a tambaye su.

Baiti na 6 ishara ne ga mutumin nan da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi da ya haɗa biyun, ɗauri da dogaro. Haka kuma Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya nufi Sham, labari ya riske shi a hanya cewa annoba ta sauka a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya juyo da jama'a. Da aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa juyowar ma ƙaddarar Allah ce. To, wa ya fi Umar tawakkali a cikinmu? Manomi ba ya zama a gindin bishiya ranar shuka ya ce arziki rubutacce ne. Yana fita da iri, zuciyarsa tana ga Allah, hannunsa yana ga sungumi. Tawakkali aikin zuciya ne, sababi aikin gaɓoɓi, kowanne da mazauninsa.

FASALI NA FARKO: Matsayin binciken likitoci a mizanin tauhidi

7. Hukunci uku ne a gun masu tauhidi,
Shari'a, hankali, al'ada, ka jiya.
8. Abin da aka gwada sau dubu ya maimaitu,
Shi ne al'ada, mai musunsa ya sha wuya.
9. Magani ba ya warkarwa da ƙarfin kansa,
Allah ke halittar sauƙi a wurin jinya.
10. Ƙididdigar likita ba ta ture ƙaddara,
Baiwa ce ta ƙaddara, tana bin ta a baya.

Sharhi: Duk ɗalibin da ya karanta littattafan tauhidi na Imamu Sanusi ya san hukunci iri uku ne. Na shari'a, kamar wajabcin salla. Na hankali, kamar cewa ɗaya rabin biyu ne. Na al'ada kuwa, shi ne haɗa abu da abu saboda an ga suna zuwa tare a kai a kai, kamar wuta da ƙuna, da abinci da ƙoshi. Aƙidarmu ita ce wuta ba ta ƙona kome da ikon kanta, Allah ne ke halittar ƙuna a lokacin da ta taɓa abu. Amma duk da wannan aƙida ban taɓa ganin malamin da ya bar ɗansa ya rarrafa cikin murhu ba.

To, binciken masana lafiya daga wannan babi yake. Sukan ɗauki yara dubbai, waɗannan an yi musu abu kaza, waɗancan ba a yi musu ba, sa'an nan su ƙirga nawa suka kamu, nawa suka warke, nawa suka rasu. In aka maimaita a ƙasa kaza da ƙasa kaza aka ga abu ɗaya, ya zama hukuncin al'ada, watau an gano wata sunna daga sunnonin Allah a cikin halittarsa. Wanda ya ce maganin ne ke warkarwa da ikon kansa, ya ɓata aƙidarsa. Wanda kuma ya ƙi sababin bayan ya tabbata, ya saɓa umurni.

Ga misali daga ƙasarmu Nijar. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa a 1998, cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa, 226 ba sa kai shekara 5. Zuwa 2009 adadin ya sauko 128. Masu binciken sun danganta wannan ga yawaitar sange mai magani, da jinyar tamowa, da maganin zawo, da ƙaruwar kai yara likita, musamman bayan hukuma ta yafe kuɗin jinyar ƙananan yara a 2006. Ba wanda ya ƙara wa yaro ko sa'a ɗaya a kan ajalinsa. Allah ne ya ƙaddara rayuwar waɗannan yara, ya kuma ƙaddara ta zo ta hannun iyayen da suka tashi.

In wani ya ce, ai mafi yawan masu wannan bincike ba Musulmi ba ne, sai mu ce: ɗan jagoran da ya nuna wa Annabi da Sayyidina Abubakar hanya ranar hijira yana kan addinin mutanensa a lokacin, an ɗauke shi ne don sanin hanya da riƙon amana. Kuma malaman fiƙihunmu sun yarda mara lafiya ya yi taimama ko ya ajiye azumi bisa jarrabawa ko faɗar masanin magani. Wannan ilmi ma ba baƙo ba ne a gidanmu. Abubakar Arrazi, wanda ya rasu a 313 bayan hijira, ya rubuta littafi yana rarrabe agana da ƙyanda. Ibnul Jazzar, mutumin Ƙairawan, garin mai Risala, kuma zamaninsu ɗaya, ya wallafa littafi sukutum a kan renon yara da cututtukansu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya yi rubuce-rubuce a kan magani.

FASALI NA BIYU: Haƙƙin jinjiri daga haihuwa zuwa yaye

11. Dakashi abinci ne na farko, kar ki zubar,
Garkuwa ce Rabbu ya aiko hadiyya.
12. Wata shida nono kaɗai ya ishe shi,
Ko da bazara, kar a ba shi ruwan rijiya.
13. Zuma waraka ce, amma sai ya shekara,
Kowane magani da lokacinsa na moriya.
14. Ku bar masa beli, ku ɗauke aska,
Kar ku shafa toka ko ƙasa a cibiya.
15. Shekara biyu ce cikar shayarwa,
Likita ya zo ya tarar da hukuncin aya.

Sharhi: Dakashi shi ne nonon farko mai kauri, mai ɗorawa-ɗorawa, wanda wasu iyayenmu mata ke cewa a tatse a zubar wai ƙazanta ne. An auna shi an ga yana ɗauke da abin da ke tsare hanjin jinjiri daga ƙwayoyin cuta. A Kintampo ta ƙasar Ghana an bi diddigin jarirai fiye da 10,000, aka buga sakamakon a 2006, masu binciken suka ƙiyasta cewa da kowane jariri zai kama nono a cikin sa'ar farko, da an kauce wa kashi 22 cikin 100 na mutuwar watan farko. Ya ku kakanni, Allah ya ƙara muku daraja, ku ne ake jin maganarku a ɗakin mai jego. Ku sa a ɗora jinjiri a ƙirjin uwarsa tun kafin a gama shara.

Nono kuwa fiye da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, saboda haka yana kashe ƙishirwa ko da a tsakiyar bazara. Ruwan da ake ɗura wa jinjiri yana cika masa ciki ya rage tsotso, in kuma ba mai tsabta ba ne ya kawo zawo. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara a kan wata 6 na nono zalla. In uwa ta ga zafi ya yi yawa, ita ce za ta ƙara shan ruwa ta ƙara ba shi mama.

A nan akwai mas'alar da ta shafe mu, mu malamai. Ana zuwa gare mu neman rubutu domin jinjiri. Shawarata ga almajiraina ita ce, uwa ta sha rubutun, jinjiri a yi masa tofi da addu'a, domin albarkar ayar Allah ba ta tsaya ga shiga ciki ba, ruwan wanke allo kuwa hanjin ɗan kwana bakwai bai iya ɗaukarsa. Tahniki da ya zo a sunna ɗan shafa ne na dabino a dasashi, bai kai ci ba balle sha. Zuma kuma, Alƙur'ani ya ambace ta da waraka, mun yi imani. Sai dai an gano a cikinta akan sami wani irin ƙwayar cuta wanda cikin babba ke kashewa, cikin jinjiri kuwa ba ya iyawa, har ya sa jikinsa ya saki, numfashi ya gagara. Saboda haka a jira ya cika shekara. Nama ma halal ne, amma ba a ba ɗan wata biyu.

Game da beli, ina girmama wanzamai, sana'arsu ta gado ce. Amma cire beli ba farilla ba ne, ba sunna ba ne, kuma likitoci sun sha karɓar jarirai da zubar jini ko kumburin maƙogwaro a bayansa. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi ya hana mata azabtar da 'ya'yansu da danna maƙogwaro saboda ciwon wuya. In danna yatsa ya zama azabtarwa, ina ga ƙarfe? Cibiya kuma ƙofa ce buɗaɗɗiya. Toka da ƙasa da kashin dabba suna ɗauke da ƙwayar ciwon sarƙe haƙora, wanda ke sandarar da jinjiri a makon suna. A bar ta da tsabta, a shafa abin da ungozomar asibiti ta bayar kaɗai.

Shekara 2 na shayarwa suna cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, tare da ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Mazhabarmu ta yi wa mai shayarwa rangwame ta sha azumi in ta ji wa ɗanta tsoro, ta rama daga baya, ta kuma ciyar. Dubi yadda shari'a ta jinkirta farilla saboda cikin jinjiri.

FASALI NA UKU: Zawo da tamowa

16. In zawo ya kama yaro kar ku ce haƙori,
Ruwan jikinsa ke tsiyaya kamar rariya.
17. Gishiri da sukari a ruwa mai tsabta,
Kurɓi-kurɓi, tun dare har safiya.
18. Tamowa yunwa ce da ta ɓuya a jiki,
Kunu tsura ba ya tayar da zuriya.
19. Wake, gyaɗa, ƙwai, zogale da nono,
Ku ba su, batun sata zancen ƙarya.
20. Mai sai da abincin majinyaci a kasuwa,
Ya ci amana, ina zai kai wannan kunya?

Sharhi: Abin da ke kashe yaro a zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Za ka ga ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, baki ya bushe, fata in an ja ta ba ta komawa da sauri. Wasu sukan hana shi sha wai don zawon ya tsaya, alhali kamar hana shuka ruwa ne a ranar fari. Masana sun gano cewa in aka haɗa sukari da gishiri bisa awo, sukarin yakan ja gishirin ya ratsa bangon hanji, ruwa ya bi su. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke, ruwan ƙari na jijiya ya ƙare. Wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka yi ta shayar da mutane wannan haɗi, mace-mace suka sauko daga kimanin 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Mafi kyau a karɓo ƙunshin da aka riga aka auna a gidan likita, a zuba a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo, domin yawan gishiri illa ne. A ci gaba da ba da nono da abinci. Tun 2004 an ƙara da ƙwayar zinki, ta kwana 10 zuwa 14. In an ga jini a bayan gida, ko yaro ya kasa sha, ko yana amayar da kome, ko ya yi lis ba ya kula kowa, a ɗauke shi nan take. Mu da muke wanke hannu sau uku a farkon kowace alwala, bai kamace mu a ce sai an roƙe mu wanke hannu da sabulu bayan tsarkin yaro da kafin ba shi abinci ba.

Tamowa kuwa, mun ga irin ɓarnarta a 2005, musamman a jihar Maraɗi. Bayan wata 6 nono kaɗai ba ya isa, cikin yaro kuma ƙarami ne, in aka cika shi da kunu tsararo ya ƙoshi bai sami abin gina jiki ba. A kaurara kunun da gyaɗa ko garin wake, a ɗiga mai, a ba shi ganye da ƙwai da ɗan kifi in an samu, kaɗan-kaɗan sau da yawa, a kwanonsa shi kaɗai don kada yayyensa su cinye. Cewa ƙwai na sa yaro sata camfi ne, ba shi da asali a shari'a.

Akwai ɗan ma'aunin dantse mai launi uku, na yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, ko ƙafafu biyu suka kumbura, yaron yana cikin haɗari. An jarraba a Miriya ta jihar Damagaram aka ga uwaye, ko da ba su yi boko ba, suna iya wannan awo da kansu in an koya musu. Maganin da ake bayarwa, wanda aka haɗa da tunkuzar gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, an auna shi ne bisa nauyin majinyaci. Wanda ya sayar da shi, ko ya raba wa masu lafiya, ko ya sha shayi da shi, ya ci haƙƙin raunana, mai saye kuma ya taimaka a kan zalunci.

FASALI NA HUƊU: Zazzaɓin damina

21. Damina rahama ce, sauro na biye da ita,
Ku ɗaura sange, barci sai da kariya.
22. Jiki ya yi zafi, kar ya kwana biyu gida,
A duba jininsa a san cutar da gaskiya.
23. Jijjiga in ta zo kar ku tsaya neman iska,
Ku yi tofi kuna tafe, kar ku fasa tafiya.

Sharhi: Kakanninmu sun lura zazzaɓi na zuwa da damina, sai wasu suka ɗora laifin a kan sabon hatsi ko dukan ruwan sama. A 1880 wani likitan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin majinyaci a ƙasar Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta nuna wannan zazzaɓi ya kashe mutum kusan 600,000, mafi yawansu a Afirka, kimanin uku cikin huɗu na waɗannan kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Nijar da Nijeriya suna cikin ƙasashe 4 da suka fi yawan mamata.

Sabuban tsari huɗu ne. Na ɗaya sange mai magani: a Navrongo ta arewacin Ghana an gwada shi, aka buga a 1996 cewa mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 17 cikin 100. An ba ka shi don ɗanka, kada ka rufe lambu ko kaji da shi. Na biyu ƙwayoyin tsari na damina, waɗanda aka fara rabawa a Nijar a 2013 ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata, kwana 3 a jere. Gwaji ya nuna suna kawar da kimanin uku cikin huɗu na kamuwa, da sharaɗin a cika kwanakin. Na uku allurar rigakafin wannan zazzaɓi, wadda Kamaru da Nijar suka fara yi wa yara a 2024. Sau 4 ake yin ta, tana rage cutar, amma ba ta ɗauke wa kowa ɗaura sange ba. Na huɗu gaggawa: a kai yaro a duba jininsa a cikin yini da kwana na fara zazzaɓi.

Jijjiga kuwa, sau da yawa alama ce cutar ta yi tsanani, ko ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ban musa samuwar aljannu ba, ban musa kambun baka ba. Amma addu'a ba ta bukatar zama wuri ɗaya. A kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa kome a baki, kada a yi masa turare a rufaffen ɗaki, a kama hanya ana karanta abin da ya sawwaƙa.

FASALI NA BIYAR: Rigakafi da shubuhar da ke kansa

24. Ina agana, wadda ta cika kushewa?
Tabon lamba a dantse shi ne amsar tambaya.
25. Ƙyanda da sanƙarau da shan-inna,
Allah ya saukar da sababin tsare ɗiya.
26. In labari ya zo ku bincika tukuna,
Jita-jita ta bar guragu har Indunisiya.
27. Alhaji ya miƙa dantse don ya ga Ka'aba,
Ya hana ɗansa, wannan wace irin niyya?

Sharhi: Mu da muka haura sittin, da yawanmu muna da tabon lamba a dantse, mun kuma tashi mun ga masu zanen agana a fuska da waɗanda ta makantar. Jikokinmu ba su san ta ba ko a suna. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a gari an same shi a Somaliya a 1977, aka shelanta ƙarewarta daga duniya a 1980. Sanƙarau kuma, annobar 1996 ta kashe mutum kimanin 25,000 a ƙasashenmu na Sahel. A 2010 aka fara sabuwar allura a Burkina Faso da Mali da Nijar, nau'in da ke kawo waɗancan manyan annobai ya kusa ɓacewa, ko da yake akwai wasu nau'o'in da ake ci gaba da yaƙi da su. Ƙyanda ana fara allurarta a wata 9, kuma ita ce cutar da ke barin yaro da makanta ko tamowa ko ciwon haƙarƙari in ta ƙyale ransa.

Adalci ya sa in faɗi cewa tsoron da mutane ke ji yana da mafari. A cikin annobar 1996 wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara a Kano, abin ya kai ga shari'a da biyan diyya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To amma abin da shari'a ta umurce mu in labari ya zo shi ne tabbatarwa. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan-inna a wasu jihohin arewacin Nijeriya saboda raɗe-raɗin yana hana haihuwa. Aka yi bincike, aka koma yi a 2004. Kafin ƙurar ta lafa cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har Sudan da Yaman da Indunisiya, kuma 'ya'yan Musulmi ne mafi yawan waɗanda suka gurgunce. 'Yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokaci ga su nan da goyo a bayansu. Da sarakuna da malamai suka sa hannu, aka shelanta a 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna. Ba a daina ɗigon ba, domin tana nan a Pakistan da Afganistan, kuma akwai nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba.

Baiti na 27 tambaya ce ga mai hankali. Ba a ba maniyyaci izinin shiga ƙasa mai tsarki sai da shaidar allurar sanƙarau, kuma ban ji wanda ya fasa hajji saboda ita ba. Abin da ka yarda a sa a jikinka, da wace hujja ka hana ɗanka?

KAMMALAWA

28. Uba, ka ba da izini tun kafin a roƙa,
Ran ɗanka ya fi rago, ya fi dukiya.
29. Wanda ya yi sababi, ajali ya rinjaya,
Ba laifi gare shi, Allah ba shi juriya.
30. Tammat, na gode Allah, baiti talatin,
Ya Rabbu ka raya mana su bisa tarbiyya.

Sharhi: Yara da yawa sun rasu uwa na zaune da mayafi a hannu tana jiran mai gida ya dawo daga kasuwa ko ci-rani. Ya ɗan'uwana, ka faɗa wa iyalinka yau, a gaban mahaifiyarka, cewa duk ranar da yaro ya yi zafi ko zawo ka yi izini a fita da shi, dare ko rana, ka kuma ajiye ɗan abin mota a wurin da ta sani. Ragon suna mustahabbi ne, tsare rai wajibi, kuma ba a gabatar da mustahabbi a kan wajibi. Ina roƙon muƙaddamai su karanta wannan ga 'yan'uwa bayan zikirin Juma'a, malamai mata kuma su karanta a makarantun matan aure, a tambayi juna katin rigakafi kamar yadda ake tambayar juna ina yaro ya kai a allo.

Amma wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya karɓi abinsa, kada Shaiɗan ya dame shi da "da na sani". Hukuncin al'ada yakan saɓa in Mai shi ya so, domin a san Shi ne mai yi. Fiyayyen halitta ya binne ɗansa Ibrahim yana ɗan jinjiri, idanunsa suka zubar da hawaye, harshensa bai furta sai abin da Ubangiji ya yarda da shi ba. Ladan haƙurin rashin ɗa babba ne ƙwarai a wurin Allah.

Ya Allah ka ba 'ya'yanmu lafiya da imani, ka sanya su mahaddata Littafinka masu aiki da shi. Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka sanya ƙananansu masu ceton iyayensu. Ka saka wa uwaye da ungozomomi da masu jinya da alheri. Ka ba ƙasashenmu damina mai albarka da zaman lafiya, albarkar Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanda ya karanta ya sa mu a addu'a. Allah shi ne mafi sani. Amin.